Ruwan da Aka Saki a Lyon

Ranar wata Alhamis a watan Maris na 2012, ana yayyafi mai sanyi, Alhaji Illiassou ya sauka a Lyon daga jirgin ƙasan Paris. Shagonsa na unguwar Belleville a Paris ya rufe musamman don ya ga abin da ɗan ƙanwarsa Rachidou ya shekara huɗu yana bincike a kai.

Rachidou ya kai shi ɗakin gwaji. A ciki akwai wani dogon kwarin siminti, gefe guda gilashi. A can ƙarshe akwai tanki cike da ruwa, an tare shi da ƙofar ƙarfe. A nan kusa kuwa ƙaramar katanga ce iya ƙirji, samfurin wadda ake ginawa a bakin teku don tare igiyar tsunami.

"Ɗan Tahoua da yi wa teku katanga!" Alhaji ya yi dariya. "Kai da ko tafki ba ka shiga?"

"Yanzu za a saki ruwan, Kawu, ka gani da idonka."

Abokiyar aikinsa Leïla ta riga ta kunna na'ura daga ɗakinta na sama, inda ba a hango gindin katangar. Jar fitila na ƙiftawa, saura minti ɗaya. Rachidou ya duƙa gyara wata waya. Ko da ya ɗago, Alhaji ya bi tsani ya sauka cikin kwarin, yana ƙwanƙwasa katangar. Tsohon magini ne, ba ya ganin gini ya wuce bai taɓa ba.

Tun da aka haifi Rachidou bai taɓa ɗaga wa kawunsa murya ba. Sai ya rusuna.

"Kawu, da dai an ɗan fito..."

"Dakata. Wane malalacin ne ya kwaɓa simintin nan?"

"Kawu, don Allah..."

Ƙofar ƙarfe ta buɗe da ƙara. Ruwan ya taho a guje, ya ɗauki Alhaji ya maka shi da katangar. Ta tsage, ta rubza, wani ɓangare ya danne masa ƙafa. Ruwa ya rufe kansa. Ta cikin gilashi Rachidou na ganin bakinsa a buɗe, jini na fita kamar hayaƙi.

"Leïla! Arrête! Tsayar da shi!"

Ruwan da ya fita ba ya komawa. Rachidou ya fizgo tukunyar kashe gobara ya doki gilashin. Ya sake. A bugu na huɗu ya tarwatse, ruwa da fasassun gilashi suka yi jifa da shi, suka yanka masa hannu har ƙashi. Ya rarrafa ya ciccibo kan Alhaji. Tsohon ya amayar da ruwa, ya ja numfashi da gurnani.

Abin da aka rasa: katanga ɗaya, na'urorin awo goma sha biyu, haƙoran Alhaji uku da ƙafarsa ta hagu daga gwiwa, yatsun Rachidou biyu, da izininsa na shiga ɗakin.