Hoton Kunnen Suruki

Dogo ma'aikacin kemis ne, amma duk wanda ya san shi ya san zuciyarsa tana wurin kyamara. Ya samo wani tsohon idon kyamara na ƙarfe a shagon kayan gwanjo, irin na da wanda ba ya saita kansa, sai an murza shi da hannu. Idon yana fitar da hoto mai kyau, sai dai kyamarar zamani ba ta nuna wa mutum inda saitin ya faɗa. Rabin hotunansa dishi-dishi suke fitowa.

Don haka ya yi odar wani ɗan gilashi da ake sakawa a cikin kyamara, a saman madubinta. Yana da ɗan da'ira a tsakiya, an raba ta biyu. Idan ka leƙa ka ga abu ya tsage, sai ka murza har ɓangarorin su haɗe, to saiti ya yi. Ranar da ya iso, Dogo ya share teburin falo, ya ari matsefatar matarsa ba tare da ya tambaya ba, ya ciro tsohon gilashin ya zura sabon yana riƙe numfashi. A cikin kwalin akwai wasu siraran ƙarafa da ba su kai kaurin takarda ba. Ya juya su, bai ga amfaninsu ba, ya mayar.

A ranar ne kuma surukinsa ya zo gaishe su. Tsohon ba mai yawan magana ba ne, Dogo kuwa tun da ya auri 'yarsa bai taɓa wuce gaisuwa da shi ba. Da an gama tambayar gida da aiki, sai kowa ya sa wa tabarma ido. Matarsa ce, don ta raba su da shirun, ta ce ai ga kyamara, a ɗauki Baba hoto mana, rabonsa da hoto tun na katin fansho.

Baba ya gyara hula, ya zauna kusa da taga. Dogo ya leƙa, ya haɗe tsagar a kan idon tsohon, ya danna. Da hoton ya fito a bayan kyamarar, sai ya ga saitin ya kauce. Fuskar duk hazo-hazo. Kunnen hagu kuwa ya fito tar, har ana iya ganin gashin da ke cikinsa.

Ya so ya goge, matar ta riga shi. Ta karɓe ta duba, dariya ta kusa kayar da ita, ta kai wa mahaifinta. Baba ya sa tabarau ya daɗe yana kallo.

"Ashe haka kunnena yake," in ji shi. "Shi ya sa uwarku take cewa ba ni da dalilin ƙin jin magana."

Dogo ya fara ba da haƙuri yana in-ina. Sai a lokacin ya gane aikin siraran ƙarafan nan: ana sa su a ƙarƙashin gilashin ne don ya zauna daidai inda ya kamata. Ya yi bayani, ya ce zai gyara wata rana, ya gwada a kan kwalba ko kujera. Baba ya ce kujera ba ta da kunne balle a gane an yi kuskure, shi kuma ba inda zai je, a gyara yanzu.

Haka aka yi. Dogo ya sake buɗe kyamarar, tsohon ya jawo kujerarsa ya riƙe masa fitilar waya. Dogo ya kasa sakin jiki, ba don aikin ba. Baba ya lura, sai ya kama ba shi labarin ranar da ya fara zuwa gidan nasa surukan, yadda ya zauna a kan wani kwando da ya ɗauka kujera ce, ya lotsa shi, ya kasa tashi har aka gama gaisuwa don kada a gani. Dogo ya yi ƙoƙarin danne dariya, ta ƙwace masa.

Ya sa ƙarfe ɗaya, amma a gwaji na biyu gyaran ya yi yawa. Wannan karon tsinin hanci ne ya fito, ido da kunne duk suka ɓace. Baba ya ce ana samun ci gaba, an dai shigo fuska. Matar, daga ƙofar kicin, ta gane matsefatarta a kan tebur, ta ce za su yi maganar daga baya.

Dogo ya cire ƙarfen ya sa wanda ya fi shi siranta. Kafin ya danna, ya tambayi tsohon me ya faru da kwandon. Baba ya buɗe baki zai amsa, dariya ta kama shi, a nan Dogo ya ɗauka. Idanun suka fito ras, da layukan da ke gefensu. Matar ta karɓa ta duba, wannan karon ba ta yi dariya ba. Ta ce a wanke mata shi babba.

"Kawo in leƙa abin nan naka, ɗana," in ji Baba.

Dogo ya rataya masa igiyar a wuya, ya nuna masa inda ake murzawa. Tsohon ya auna ƙofar kicin, ya ga katakon ya rabe biyu, ya murza ya haɗe, ya sake raba shi, ya sake haɗewa. Sai ya ce wa 'yarsa ta tsaya a wurin. Ta ce ba ta shirya ba, ko ɗankwali ba ta gyara ba, ga tukunya a kan wuta. Ya ce ta yi shiru, bakinta ya rabu biyu yana so ya haɗa shi.

Har yamma ta yi, su biyun suna tsakar gida suna neman abin da za su saita. Sai da ta fito ta kira su cin abinci, ta koma, ta sake fitowa.