Ranar da Habibu Ya Koma Fagen Kokawa

Habibu bai gama zama saurayi ba ya baro ƙauyensu ya shigo Katsina, ya kama dakon buhunan hatsi a kasuwa. A nan Ɗanliti ya gan shi. Ɗanliti tsohon ɗan kokawa ne mazaunin Ƙofar Guga, wanda gwiwa ta hana shi shiga fage, ya koma koyar da samari. Ya ga yadda yaron ke cira buhu ba ya nishi, sai ya ce masa ya zo gida bayan la'asar.

Daga ranar Habibu ya zama ɗan gida. Inna Hure, matar Ɗanliti, tare da na 'ya'yanta take zuba masa tuwo. Tsohon ya koya masa kamu, da taɗiya, da yadda ake jiran abokin karawa ya ɗaga ƙafa. Kafin a jima babu wanda ke kai bayan Habibu ƙasa, daga birni har ƙauyukan kewaye.

Amma kokawa sai kaka ake yin ta, 'yan kallo kuma kullum raguwa suke. Gidan dambe kuwa kowane mako a cike yake, ana ɗaukar wasa a waya duniya na gani. Habibu ya yi aure, ga haihuwa. Da masu dambe suka neme shi, ya daɗe yana juya maganar, sannan ya je zaure ya durƙusa.

"Baba, zan gwada dambe."

Ɗanliti ya ɗago ya dube shi. "Mi ka rasa a nan?"

"Iyali, Baba. Kokawa ba ta riƙe gida."

"To, tahi. Amma in ka naɗe hannunka da zare, kada ka ƙara taka fagena. Kuma ni da kai babu magana."

Habibu ya tafi, kuma ya yi suna. Ƙarfin ƙafar da ya samo a kokawa ya sa ba a iya girgiza shi, naushinsa kuma bai cika buƙatar na biyu ba. Ya yi wasa a Kano, ya yi a Abuja. Duk sallah yakan je gaisuwa Ƙofar Guga, Inna Hure ta amsa, tsohon kuwa ya juya fuska bango.

Ana haka hawan jini ya kayar da Ɗanliti. Ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke. Habibu ya ajiye wasa ya dawo. Shi ke goya shi zuwa mota ranar asibiti, shi ke yi masa wanka. Tsohon bai ture shi ba, sai dai ya yi ta kallonsa, Habibu kuma ya kasa gane ko kallon fushi ne ko na wani abin.

Da kaka ta zo, 'yan kokawa suka shirya wasa don girmama malaminsu tun yana da rai. Habibu ya sami Audu, wanda ke shugabantarsu yanzu, tsohon abokin karawarsa.

"Ku bar ni in shiga sau ɗaya. Ina so ya gan ni a fage."

"Ka san abin da ya hwaɗa," in ji Audu.

"Na sani. Mu je mu tambaye shi."

Suka je tare. Audu ya maimaita roƙon a kunnen tsohon. Can sai Ɗanliti ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya sauke a hankali. Suka ɗauka amincewa ce.

Ranar wasa aka ajiye masa kujera a inuwa, gaban makaɗa. Aka haɗa Habibu da Salihu, matashin da Ɗanliti ya koyar a ƙarshe kafin ya kwanta. Habibu ya shiga yana murmushi, ƙasar fagen na shiga tsakanin yatsun ƙafarsa. Suka sunkuya, suka yi ta zagayen juna. Salihu ya fi shi sauri. Ya kawo hannu da ƙarfi zai cafki wuyansa, hannun ya gilma ta gaban idon Habibu.

Habibu bai san lokacin da hannunsa na dama ya dunƙule ya kai naushi ba. Ƙarar kawai ya ji. Salihu ya zube, jini na fita ta baki.

Kiɗa ya tsaya. Mutane suka yo ca, wasu na zagi, Audu na tare su. Habibu ya tsaya yana kallon hannunsa, yana cewa, "Wallahi ban yi niyya ba." Babu mai sauraronsa. Ya kutsa ya durƙusa gaban kujerar. Hawaye na gangarowa ta ɓarin fuskar tsohon da ya shanye, leɓensa na motsi, kalma ba ta fita.

"Ɗauke shi mu tahi gida," in ji wani ɗan Ɗanliti. Habibu ya goya shi, suka ratsa taron da ya dare musu ba tare da an dubi Habibu ba.

Salihu ya warke, sai dai ya rasa haƙora, kuma ya yafe. Ɗanliti bai kai damina ba. Bayan an share makoki, Habibu ya shiga wurin Inna Hure ya zauna bakin ƙofar ɗaki.

"Inna, kin fi kowa sanin sa. Ya yafe mani?"

Ta ajiye carbinta. "Ɗana, ba zan yi maka ƙarya ba. Ban sani ba."

Masu dambe sun yi ta kiransa a waya, bai koma ba. 'Yan kokawa kuwa ba su sake nemansa ba. Ya karɓi babur yana acaɓa tsakanin Ƙofar Kwaya da kasuwa, kuma duk Juma'a yana kai wa Inna Hure cefane.