Kunamar Ruwa a Gaɓar Shu'aiba

Saura kwana tara a rufe rajistar makarantar 'yan mata na ɗauki Kawu Ɗaso zuwa bakin teku. Na ce masa hutu za mu je. Hutun ne kuwa, amma ina da wata manufa, shi ma ya sani.

Shekara uku ina binsa ya sa 'yarsa Rumasa'u a makaranta. Yarinyar tana haɗa baƙin jikin gwangwanin madara ba wanda ya koya mata. Abin da ake buƙata kaɗan ne: uba ya je ofis ya dangwala yatsa, ni kuma in tsaya masa, tunda a Makka aka haife ni, ina da takarda, ina koyarwa a makarantar gwamnati. Kowace shekara amsarsa ɗaya ce: "Bari a ga bayan Hajji." Wannan magana ita ce ciwon mutanenmu. Iyayenmu sun ratsa Sudan da ƙafa, suka haye teku, sannan suka zauna a lungunan Hindawiyya suna dako suna cewa haka Allah ya so. Allah bai so wa kowa jahilci ba, kuma ina faɗin haka a duk majalisar da na shiga, har an daina ba ni shayi na biyu.

Kawu ya yi shekara ashirin da biyu yana kai ruwa gidajen mutane a garwa biyu. Ba shi da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar. In ya hango mai kaki a bakin titi sai ya sauya lungu. Amma kafin duk wannan masunci ne a Yawuri, shi ya sa na zaɓi teku. Na ce ko ruwa zai kwance masa baki.

Mukhtaru direba ya sauke mu a gaɓar Shu'aiba da garwar ruwan sha da risho da buhun da za mu yi rumfa, ya ce sai jibi da yamma. Can nesa akwai wani farin gini mai tuta, ofishin askarawan gaɓa. Kawu ya kafa rumfarmu ta ba shi baya.

Na fito da sandar kamun kifi da na sayo a Jidda, mai ƙarfen naɗe zare. Kawu ya juya ta a hannu.

"Ustazu, wannan kifin ne zai karanta ta, ko kai?"

Shi zarensa a gwangwani ya naɗe. Ya fasa ƙaguwa ya soka a ƙugiya, ya wulwula darmar a saman kansa sau uku, ya saki. Ta wuce inda igiyar ruwa ke karyewa ta faɗa. Ya tsaya da zaren a kan yatsa, idonsa a lumshe. Kafin azahar ya fito da kifin sha'ur huɗu. Ni na kamo ciyawar ruwa sau biyu, sannan zaren ya cukurkuɗe. Ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Tun ina yaro ban taɓa jin wannan dariyar ba, kuma da hutun ya ƙare a nan ma da na gode Allah.

Washegari da safe, muna tsaye a jiƙaƙƙen yashi, na tayar da maganar.

"Kai takardarka tana aljihu, Mahmudu," ya ce, bai dube ni ba. "Ranar da na dangwala yatsa, sun san akwai Ɗaso. Jirgin da ya kwashe Garba mai dako bara ya fitar da shi daga ƙasar bai tambaye shi 'ya'yansa nawa ba."

"To sai ta zauna tana tuƙa tuwo har ta tsufa? Kawu, ba gida za ka bar mata ba, ba gona ba. Tsoronka kawai kake so ta gada."

Ya ci gaba da jan zarensa. Raina a ɓace na ɗauki sandata na shiga ruwa, don jifana ba ya kaiwa inda nasa ke kaiwa.

"Kada ka riƙa ɗaga ƙafa," ya ce daga bayana. "Goga ta a yashi. Akwai kunamar ruwa, kifin nan mai ƙaya a wutsiya, na ga makwancinta jiya."

Na ji shi sarai. Na ci gaba da takawa da ƙarfi.

Ruwan ya kawo mini gwiwa lokacin da wani abu mai santsi ya motsa a ƙarƙashin tafin ƙafata, sai na ji kamar an soka mini jan ƙarfe a idon sawu. Ban san yadda Kawu ya iso ni ba. Ya saɓa ni a kafaɗar da ke ɗaukar garwa, ya kai ni rumfa, ya kunna risho. Ya tsoma ƙafar a ruwa mai zafin da da kyar fata ke jurewa.

"Haka muke yi a kogin Kwara. Zafi ne ke karya dafinta. Yi haƙuri, Ustazu, wannan ba ya cikin littafinka."

Raɗaɗin ya ragu, amma jinin bai tsaya ba. Ya latsa wurin a hankali, fuskarsa ta sauya.

"Ƙayar ta karye a ciki, kusa da jijiya. Ba aikin wuƙata ba ne."

Mukhtaru sai gobe da yamma. Na ga Kawu ya juya ya dubi farin ginin, karo na farko tun zuwanmu.

"Kawu, kada ka je. Zan iya jira."

"Ƙafar ce ba za ta jira ba." Ya ɗaure mini sawun da rawaninsa, ya ɗauki kifin da ya kama. "In la'asar ta yi ban dawo ba, ka gaya wa Saudatu…" Bai ƙarasa saƙon matar tasa ba. "Ka riƙa ƙara ruwan zafi."

Na bi shi da ido yana tafiya a gefen ruwa har ya zama ɗigo. Na kwanta ina tuna jirgin Garba, da maganar da na faɗa wa Kawu da safe.

Rana ta karkata kaɗan sai ga jif ɗin askarawan. Kawu yana gaba, kusa da wani shawish, saje mai furfura, gwangwanin zarensa a cinya. A asibitin Jidda aka ciro ƙaya tsawon ɗan yatsa, mai haƙora kamar zarto. Likita ya ce da ta kwana a ciki da labarin ƙafar ya bambanta.

Da aka bar mu mu biyu na ce, "Sun tambaye ka takarda?"

"Sun tambaya."

"Me ka ce?"

"Na ce ba ni da ita, ina da ɗa yana zubar da jini. Shawish ɗin ya dube ni, ya dubi kifin, ya ce da me na kama. Duk hanya maganar da muke yi ke nan. Amma ya rubuta sunana a littafinsa, da unguwa."

Na kama hannunsa na ce ya yafe mini.

"Bar wannan. Yanzu dai sun san akwai Ɗaso. In an rubuta ni saboda ƙafar mai taurin kai, ai gara a rubuta ni saboda 'yata."

Ana saura kwana biyu a rufe rajista muka je, ni ina ɗingishi da sanda, shi cikin farar rigarsa ta Juma'a. Ya dangwala yatsa. Har yau ba shi da iƙama, ina ta zirga-zirgar nema masa, kuma ban san yadda za ta ƙare ba. Ban daina faɗa a majalisa ba, akwai 'yan mata goma sha ɗaya a lungunmu da ke zaune a gida. Sai dai yanzu nakan fara tambayar uba me yake tsoro.

A bakin ofishin Kawu ya tsaya yana duban tawadar da ke babban yatsansa.

"Sandar kifin nan taka," ya ce, "in mun koma teku ka ba ni in gwada. A hannunka ɓata ta ake yi."