Yatsan Ngodoo

Ngodoo na cikin jera doya a kasuwar Lafiya sai ga autanta Tertsea tsaye a kanta, riƙe da takarda da ɗan kwalin tawada. Tun bai buɗe baki ba, ta gane takardar. Takardar amincewar iyaye ce ga mai son shiga soja, kuma sau biyu tana dangwala yatsa a kan irinta tun bayan rasuwar mijinta.

"Ɗauke min wannan abin daga kan doyata."

"Mama, yau ake rufe karɓa."

"A rufe mana! Ni na buɗe?"

Babban ɗanta Terungwa a Borno ya mutu, mai bi masa Aondoaver a dajin Zamfara. Ko gawa ɗaya ba a kawo mata ƙauyensu na bayan Arikya ba. Jakar kayan mamacin aka kawo kowane karo, da tuta a naɗe, da wani hafsa mai ƙamshin turare da ya ce 'ya'yanta jarumai ne. Tutar farko ma ramin ɓera ta toshe da ita. Ta tsani kaki, ta tsani mai sa shi.

"Gonar ubanka ta yi maka kaɗan?" ta ce.

"Wace gona? Wadda 'yan bindiga suka hana mu shiga tun bara? Shekara uku ina tura baro a kasuwar nan, Mama."

"Baro ya taɓa kashe wani? Mara kunya! So kake in haƙa kabarina da hannuna?"

Jumai mai sayar da gishirin garin Awe ta leƙo daga rumfarta. "Maman Terungwa, yi haƙuri, mutane na kallo."

"Ke ina ruwanki? Naki suna gida suna cin tuwo."

Jumai ta koma cikin rumfarta. Tertsea ya ninke takardar a hankali.

"Ba dole sai ke ba, Mama. Akwai wani mai shagon kwamfuta a bakin tasha, shi yake dangwala wa duk wanda iyayensa suka ƙi. Ya ce in kawo. Na dai ga bai kamata in tafi ba ki sani ba."

Ya juya. Ngodoo ta bi ƙeyarsa da kallo, irin ta yayyensa sak, har da tafiyar.

"Dawo nan, ɗan banza! Wani ƙato da bai san ranar da na haife ka ba, shi zai sallame ka?"

Ta fizge takardar, ta goge yatsanta da zani, ta dangwala a tawada, ta danna da ƙarfi har takardar ta kusa hujewa.

"Ungo. In sun kawo min jaka ta uku, in san ni na aike ka."

Ba ta kalle shi ba, ta koma kan doyarta. Duk wadda ta ɗauka sai ta bar mata shuɗin tabo.