Dattijon da Ya Mutu Bai Yafe Ba

...kuma ai duk ƙungiyar wasan kwaikwayon nan babu mai kunne irin nasa. A je a tambaya. Shi da yake jin tarin mutumin kujerar ƙarshe ya gane ko na mura ne ko na gajiya da wasan. To, da can kenan. Da can. Yanzu bakin mutane yake bi da kallo kamar mai neman ruɓaɓɓen haƙori.

Yana zaune a ɗakin canja kaya, bayan dandamali. Ɗaki dai suna ne, sito ne. Karyayyun kujeru, ganga ba fata, madubin da ya tsage ya raba masa fuska gida biyu. Yana goge farar hoda a gemu, ta ƙi fita... au. Ashe wannan ba hoda ba ce. Tun ba shi da gemu yake fitowa a tsoho, yau ga tsufan ya shigo da kansa, ko sallama babu.

Baba Gawa. Haka ake kiransa gari-gari, don mutuwa ce sana'arsa. Ya mutu a zauren makaranta, ya mutu a filin ƙwallo, ya mutu a rumfar da ruwa ke ɗiga masa a hanci bai ko motsa ba. Wasan ma ba wuya. Tsoho na kwance, ido a rufe. Matarsa ta durƙusa ta riƙe hannunsa, ta yi dogon jawabi, ta ƙare da ka yafe mini. Ya buɗe ido, ya ce na yafe, ya cika. Mata su yi kuka, a ja labule. Shi kenan fa.

Ido a rufe — nan ne ɓarnar. Wa ke karanta baki da ido a rufe?

Uwargida ta san kunnen ya tafi. Ba matarsa ba ce, matar wasa ce kawai, da mijinta da jikokinta. Bai taɓa gaya mata ba, ba ta taɓa tambaya ba. Wata rana dai ya ji babban yatsanta ya danna masa tsintsiyar hannu, nan, inda jijiya ke bugawa. Ya buɗe ido, daidai ta gama magana. Tun daga ranar... danna, buɗe, na yafe. Su fito tana ce masa tsohon banza, yana ce mata mai kukan haya.

Da damina ta yi tata mutuwar. Ta gaske. Ba ta ma iya ba, ba jawabi, ba tafi, a kan kujerar asibiti tana jiran layi. Ya je gaisuwa, bakuna na motsi, yana gyaɗa kai. Amin, amin. Allah kaɗai ya san me ya amsa wa amin.

Yau kuma, ɗazun nan da rana tsaka, sabuwar da aka ɗauko ta maye gurbinta. Sa'ar 'yarsa, hannu laushi kamar auduga. Yana kwance. Yana jira. Hannun na riƙe da shi, yatsa shiru. Ta gama? Ba ta gama ba? Ya buɗe da wuri ya katse ta? Bari dai... bari kaɗan... sai katakon da ke bayansa ya fara rawa. Ya san wannan rawar. Dariya ce. Zaure guda na dariya, shi da bayansa yake jinta. Ya buɗe ido, labule ya riga ya rufe. An ce har girgiza shi ta yi tana roƙo, shi ya ɗauka salon kukanta ne.

Darakta ya shigo, jijiyar wuya a tashe. Wannan bakin ba wuyar karantawa, me ya faru.

"Sabon salo ne, ranka ya daɗe. Ai ba kowane tsoho ke yafewa ba."

Darakta bai yi dariya ba. Ya juya baya yana ta faɗa, ya fita da sauran maganar. Me ya ce? Gobe motar ƙungiya za ta wuce gari na gaba. Da shi? Idan aka gane, ba da shi ba. Sai gidan ɗansa, lungun falo, talabijin na motsa baki, suruka na kwatanta masa abinci da hannu kamar... a'a. A'a. Gara ya mutu sau dubu a kan katako.

Wani abu na motsi a madubi. Ita ce, sabuwar, tsaye a bakin ƙofa, kwalli duk ya zubo mata. Bakinta na motsi, tsagar madubin ta raba shi biyu, bai kama ko kalma ba. Ya juya da murmushin nan nasa na dandamali.

"Na ji, 'yata, na ji. Ba laifinki ba ne, kowa da ranar farkonsa."

Ta matso. Ta durƙusa daidai fuskarsa, tana buɗe baki a hankali, yadda ba zai rasa komai ba.

"Baba. Ban fitar da murya ba. Baki kawai na motsa."

Raha. Ina raha? Kullum akwai guda a aljihu... yana lalube, babu. Hannunta na kan tsintsiyar hannunsa, nan, daidai wurin da Uwargida ke dannawa. Ƙofa a buɗe, inuwar darakta na kai da komo. Ya rufe ido.

Yana jira.