Albam Daga Cikin Rumbu

Kamaruddeen ya ajiye ƙaramar sifikarsa a tsakiyar tabarma, ya goge ta da gefen riga, ya sake gyara mata zama kamar wata baƙuwar kunya. Mahaifinsa, Malam Iliyasu, yana jingine da bangon zaure yana ɓare goro. Ƙanin mahaifin, Baffa Hashimu, wanda ba a ma gayyata ba, tuni ya miƙe ƙafa, don shi in dai za a yi wa wani dariya a wannan ƙauye na gefen Minjibir, to ba ya makara.

Maganar rumbu ce ta tara su bayan la'asar. Tun ruwan farko Kamaruddeen ya roƙi a ba shi aron tsohon rumbun ƙasar da ke bayan gida, wai bangonsa ya fi duk wani situdiyon Kano riƙe murya. Wata huɗu cur, da hantsi sai ya kafa tsani, ya zura jiki ta bakin rumbu da tsohuwar kwamfuta da makirfo mai sanye da safa, wayar sola tana reto a bayansa. Malam Iliyasu bai hana ba. Ya dai ce ranar da gero ya nuna zai zauna ya ji abin da aka yi. In aiki ne, zai sa a yi wa hatsi sabon rumbu ya bar masa wannan. In ba aiki ba ne, ya kwashe tarkacensa. To ga gero an girbe an ɗaure, yana jiran wurin kwana.

Kafin ya kunna sai da ya yi jawabi, jawabin da ya daɗe yana maimaitawa a ransa saboda ranar da gidan rediyo zai neme shi. Ya ce wannan ba tarin waƙoƙi ba ne irin na 'yan kasuwa, albam ne mai jigo ɗaya. Waƙa bakwai, daga sharar gona zuwa girbi, kowace tana riƙe da hannun 'yar'uwarta, kuma wanda ya tsallake ɗaya bai ji komai ba. Shi ya rubuta, shi ya rera, shi ya haɗa kiɗa, ba ubangida ba kamfani. Ya ce ya sha zafi, ya sha ƙaiƙayi, sau biyu kunama tana korarsa, duk don a ji muryar manomi. Baffa Hashimu ya tambaya ko wane manomin, aka yi kamar ba a ji ba.

Waƙar farko ta wuce lafiya, in ka cire cewa Malam Iliyasu ya yi hamma sau biyu. A ta biyu, ta shuka, aka ji ruwan sama ya kece. Kamaruddeen ya lumshe ido, don nan ne yake ji da shi. Baffa ya karkata kunne, ya ce wannan ai buta ce ake tsiyayawa a kan kwano, har ga inda ruwan ya ƙare aka koma ɗebo wani. Kuma wallahi haka aka yi. Ranar da aka yi ruwan gaske Kamaruddeen yana Kano wajen gyaran caja.

A ta uku wata saniya ta yi kuka. 'Yan'uwan biyu suka dubi juna. Malam Iliyasu ya ce shi dai shekara saba'in yana jin kukan shanu, bai taɓa jin mai irin wannan murya ba. Dole Kamaruddeen ya amsa cewa daga intanet ya sauko da ita. Baffa ya ce ai ya ji alama, saniyar da ba ta taɓa cin harawa ba ce, ya kuma roƙi a gaishe ta in an koma.

Haushi ya fara cin Kamaruddeen. Ya ce a ransa laifinsa ne da ya kawo fasaha gaban mutanen da ba su san komai ba sai taki. Su ba sa jin yadda ya jera muryarsa hawa uku a amshi, ba sa jin yadda kalangun kwamfuta yake shigowa a hankali. Amma ƙarƙashin haushin tsoro ne zalla, domin ya san in rumbun nan ya tafi, ba shi da wani wuri a duniya da zai rufe kansa ya zama mawaƙi. A ɗakin samari su huɗu ne, har da mai minshari.

Ta huɗu da ta biyar suka zo da tasu masifar. A cikin baiti ya yanke dawa kafin gero, saboda a nan ne amsa-amo ya fi zama. Baffa ya riƙe baki ya ce wannan shekara ta Kamaru ta zo da abin al'ajabi, Allah ya sa dai ba a yi sallar layya kafin azumi ba a waƙa ta gaba. Kamaruddeen ya fara bayanin cewa waƙa tana da 'yancinta. Mahaifinsa ya ɗaga masa hannu, ya ce a ci gaba.

Ta shida mai sanyi ce, murya kawai da ɗan kiɗa, a kan gumin talaka. Ana tsakiyar baiti na biyu Malam Iliyasu ya daina tauna goro.

"Mayar da ita baya kaɗan. Ƙara ƙarfi."

Kamaruddeen ya mayar. Can ƙarƙashin muryarsa, nesa-nesa, akwai wani sauti, kaf, kaf, kaf, sai a tsaya, sai tari, sai a ci gaba. Kunya ta kama shi. Ya yi sauri ya ba da haƙuri, ya ce hayaniya ce ta shigo ta bakin rumbu, kwana uku ya yi yana fama ya goge ta ta ƙi fita. Ya ce wani ne marar aikin yi ya dame shi da buge-buge a bayan danga duk satin da ya ɗauki waƙar, amma in ya samu manhaja mai kyau zai share shi tas.

"Ni ne," in ji Malam Iliyasu. "Gayaunarka nake yi wa maimai. Ciyawa ta kai gwiwa, mutane sun fara tsayawa suna kallo."

Gayaunar ita ce 'yar gonar da ya yanka wa ɗan nasa shekara uku da suka wuce, tana nan jikin dangar, taku goma daga rumbun. Kamaruddeen ya sha hango ta daga kan tsani, kore shar, bai taɓa tambayar wanda yake nome ta ba. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya saci kallon Baffa yana jiran dariya, ko ita ce za ta cece shi, amma Baffa ya sunkuyar da kai yana tsinkar bakin tabarma.

Waƙa ta bakwai, ta murnar girbi, ta yi ta kiɗanta har ta ƙare. Malam Iliyasu ya karkaɗe ɓawon goro daga cinyarsa, ya dafa bango ya miƙe a hankali, hannu ɗaya a ƙugu.

"Ta shidan nan ta yi," ya ce. "Kada ka goge komai a cikinta, nan ne kawai aka yi noma. Gero kuma jibi zai shiga rumbu. Kai za ka kwaso shi."

Kamaruddeen ya ce to, Baba. Ya kashe sifika, ya naɗe wayarta, ya miƙe zai shiga gida. Har ya sa ƙafa a zaure ya tsaya, ya juyo, murya ƙasa-ƙasa ya tambayi Baffa Hashimu a wace gonar aka shuka gero bana.