Cutar Malam Sai Gobe

A gida Injiniya ake ce masa, a ofis kuwa mai gyaran kwamfuta, domin difloma kawai gare shi. Da furfura ta fara leƙowa sai ya shiga karatun shekara guda, irin wanda ke cika difloma ta zama digiri. Yanzu abu ɗaya ya rage masa: ya kare aikinsa na ƙarshe a gaban malamai. In ya faɗi sai baɗi, kuma kujerar shugaban sashe da za a cike a ofis ba jiransa za ta yi ba.

Aikin nasa manhajar kwamfuta ce ta ajiye bayanan marasa lafiya a ƙaramin asibiti. Abin taƙamarsa shi ne duk abin da aka shigar ba ya goguwa. Ana iya gyara, amma tsohon rubutun yana nan a ƙasa.

Manhaja kuwa sai an gwada ta da majinyatan ƙarya. Matarsa na gefe tana ninke wanki, tana ba shi mutane.

"Sa ƙanenka," in ji ta. "Cuta: zuwa daidai lokacin abinci."

"Magani fa?"

"A kulle ƙofa."

Suka sa maƙwabci mai rediyo, suka sa mai gidan haya. Sai Injiniya ya tuna malamin da ke duba aikinsa, wanda ɗalibai ke kira Sai Gobe, don ba wanda ya taɓa jin ya ce yau. Ya rubuta: cuta, rashin karanta aikin ɗalibai. Magani, babu.

"Baban yara, kar fa wannan ya je makaranta."

"Ke dai! Ina da kwafi mai tsabta."

Yana da shi kuwa, a kwamfutar ofis. Ranar jarrabawa sai ya rungumo kwamfutar gida.

Ɗakin ƙarami ne, fanka na juyi kamar an tilasta mata. Malamai uku a bayan tebur, a tsakiyarsu wata baƙuwar farfesa daga wata jami'a, Sai Gobe a damanta yana hamma. Injiniya ya haɗa majigi, ya danna. Bango ya cika da danginsa.

Farfesar ta gyara tabarau, ta karanto a hankali, kamar mai sanar da sakamakon zaɓe. Da ta zo na ƙarshe sai malami na uku ya kamu da tari na gaggawa.

"Goge wannan," in ji Sai Gobe.

"Malam, ba ya goguwa."

"Kamar yaya ba ya goguwa?"

"Haka na gina ta, Malam. Bayanin na cikin babi na uku."

"Na gani," in ji farfesar. "Babin ya yi kyau. Malam, kai ba ka kai nan ba?"

Sai Gobe ya dubi fanka.

Ta jawo kwamfutar gabanta. Ta shiga a matsayin likita, ta gwada gogewa, bai gogu ba. Ta shiga a matsayin shugaban asibiti, haka. Ta bi ta bayan fage, inda masu wayo ke bi, ta tarar a toshe. Injiniya na tsaye, rabinsa yana roƙon abin ya gogu, rabinsa yana roƙon kada ya gogu.

"To, wannan majinyacin ya zauna ke nan," in ji ta, tana murmushi. "Ni ban da sauran tambaya."

"Miƙo nan," in ji Sai Gobe. Da yatsa ɗaya ya gyara wurin magani: ɗalibi ya daina kawo aiki ana gobe za a rufe karɓa. Sabon rubutu ya hau, tsohon ya zauna daram a ƙarƙashinsa. Ya daɗe yana kallon su biyun, sannan ya jawo takardar sakamako.

"Malam, sa hannun... in dawo ne?"

"Tsaya nan. Yau za ka karɓa, kafin ka ƙara mini wata cutar."

A bakin ƙofa Injiniya ya kira gida.

"Maman yara, na ci!"

"Barka, barka! To yi sauri ka dawo, majinyacinka na farko ya iso, har ya wanke hannu."